Birnin fasaha: nauyin wa ne koya wa mai shekara hamsin zama a cikinsa?

Injiniya_Tukur:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, ina so a tattauna. Aikina shi ne haɗa na'urorin da ake dasawa a birane: mitar ruwa da ta wuta mai aika karatunta da kanta, fitilun titi masu rage haske idan babu mai wucewa, kyamarorin ƙirga motoci. A takardun kwangilar da suke biyowa ta hannuna za ka ga an lissafa waya da batir da kwamfuta filla-filla. Layin koyar da mutanen da za su rayu da waɗannan abubuwa kuwa, ko dai babu shi, ko shi ne na ƙarshe, kuma shi ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashe a 2018 cewa zuwa 2050 kusan kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya a birane za su zauna. To idan biyan haraji da ganin likita da hawa bas da neman aiki duk suka koma cikin waya, mutumin da ya bar aji shekara talatin da suka wuce, nauyin wa ne ya koya masa? Hukumar birni, ko wanda yake yi wa aiki, ko shi kansa?

Matashi_Faruk:
Wa alaikumus salam Injiniya. Ni a ganina nauyinsa ne. Ba a taɓa samun zamanin da ilimi ya yi araha kamar yanzu ba. Gyaran na'urar hasken rana a YouTube na koya, kuma da ita nake cin abinci yau. A ba mutane intanet mai ƙarfi a ko'ina kawai, mai so zai koya. Gemu ba ya hana ilimi.

Malama_Hauwa:
Ƙanina Faruk, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Amma kai ka shiga YouTube ne kana iya karatu, ka san abin da za ka rubuta a wurin nema, ba ka kuma tsoron wayar. Ni ajin manya nake koyarwa da yamma, bari in gaya maka abin da nake gani.

Akwai wani dattijo makaniki a ajina, ya haura sittin. Injin mota idan ya saurari ƙararsa zai gaya maka ciwonsa. Ranar da muka fara da waya, fatar yatsansa ta yi kanta saboda aiki, sai ya danna allon da ƙarfi ya riƙe, kamar yadda ake danna makunnin inji. Nan take gumakan manhajoji, wato ƙananan hotunansu da ke kan allon, suka fara rawa, ɗaya ya ɓace. Ya ajiye wayar a kan tebur ya janye hannunsa, ya ce mini, "Malama, kuɗina sun tafi ko?" Babu ruwan abin da kuɗinsa, amma a zuciyarsa duk taɓawar kuskure asara ce. Na zauna kusa da shi muka yi ta taɓawa a hankali, taɓa ka ɗaga, taɓa ka ɗaga, har hannun ya saki. Wannan darasin babu bidiyon da zai ba shi, domin sai ka iya shi kafin ka buɗe bidiyon.

AbuYasir:
Malama ta faɗi gaskiya, kuma akwai alƙaluma a kai. Masu bincike sun duba kwasa-kwasan kyauta da jami'o'in MIT da Harvard suka sa a dandalin edX, aka buga sakamakon a 2019. A zangon 2017 zuwa 2018, kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari ne kacal na waɗanda suka yi rajista suka kammala. Yawancin masu shiga kuma daga ƙasashe masu arziki suke. Wato ƙofa a buɗe take, amma wanda ya riga ya samu shi yake ƙara samu.

Matashi_Faruk:
Yaya AbuYasir, ai ba kowa ke shiga don ya gama ba. Wani darasi ɗaya yake nema, ya samu ya fita. Ni ban taɓa karɓar satifiket ba amma na amfana.

AbuYasir:
Wannan haka ne, akwai irinku da yawa. Sai dai tambayar Injiniya a kan wanda bai ma kai bakin ƙofar ba ne.

Hajiya_Binta:
Ina gaishe ku duka. Injiniya, tambayarka akwai ƙasar da ta amsa ta da kuɗi, ita ce Singafo. A Nuwamban 2014 suka ƙaddamar da shirin mayar da ƙasar ta fasaha, Smart Nation. Ba su tsaya nan ba, daga Janairun 2016 duk ɗan ƙasa mai shekara 25 zuwa sama aka buɗe masa asusun SkillsFuture da dalar Singafo 500, ba a cire ta a kashe, kuɗin kwas kawai ake biya da ita. A 2024 suka ƙara dalar Singafo 4,000 ga masu shekara 40 zuwa sama, domin sun lura cewa mai tsakiyar shekaru shi ne ya fi shiga haɗari idan sana'arsa ta mutu.

Abin da ya fi burge ni ma ba kuɗin ba ne. A 2020, lokacin korona, sun ɗauki mutum 1,000 aikin bin tsofaffi da ƙananan 'yan kasuwa har inda suke, ana zama da mutum ɗaya bayan ɗaya ana nuna masa yadda ake kiran bidiyo da karɓar kuɗi ta lambar QR, wato tambarin da ake haskawa da kyamarar waya. Ƙasar da take cike da na'urori, ga shi sai da ta koma ga mutum ya zauna kusa da mutum. Daidai abin da Malama Hauwa take yi.

Ɗan_Lissafi:
Hajiya, tsarin asusun yana da kyau amma a yi hattara da shi. Faransa ma tana da irinsa, CPF. Ana zuba wa ma'aikaci yuro 500 a shekara har ya kai 5,000, wanda ba shi da takardun karatu sosai kuma 800 har zuwa 8,000. Da suka sa shi a manhajar waya a ƙarshen 2019 ta yadda kowa zai sayi kwas da dannawa ɗaya, sai 'yan damfara suka yi ca. Ana buga wa mutane waya ana cewa kuɗinku zai ƙone idan ba ku yi amfani da shi ba, a karɓi bayanansu a yi musu rajistar kwas na bogi. Sai da majalisa ta yi doka a Disambar 2022 ta haramta irin wannan tallan. Wanda aka fi cuta shi ne dai wanda aka yi tsarin dominsa, mai ƙarancin sanin waya.

Uwar_Khalifa:
Ni duk wannan magana ta kuɗi da intanet, akwai abin da ba ku ambata ba: lokaci. Ina aiki, ina da yara uku, ga mahaifiyar maigidana a wurinmu ba ta da lafiya. Wurin aikinmu sun kawo sabuwar manhaja suka ce kowa ya yi kwas ɗinta "a lokacin da ya ga dama". Wane lokaci? Sai bayan kowa ya yi barci nake buɗe kwamfuta, idona na rufewa, in saurari minti goma in farka bidiyo ya ƙare. Idan kamfani ne ya canza kayan aiki, to ya koyar a cikin awannin aiki, ya biya. Bai kamata a ɗora wa dare na ba.

Zinariya:
Wallahi Yaya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mata da yawa a nan ake barinsu a baya, sai a ce ba su da himma.

Dattijo_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, ku bar ni in yi magana da bakin waɗanda kuke tattaunawa a kansu. Aikin karanta mita na yi har na yi ritaya, gida-gida da littafi da biro. Irin mitar da Injiniya yake dasawa ita ta kawo ƙarshen wannan aiki, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, zamani ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne yaran da na bari a wurin, masu shekara arba'in da 'yan kai. Sun san kowane lungu, sun san gidan da bututu yake yoyo, sun san inda ake satar wuta. Da an koya musu karanta bayanan da mitar take aikowa, da babu wanda zai fi su gane inda matsala take. Aka sallame su aka ɗauko sababbi masu takarda waɗanda ba su taɓa buɗe akwatin mita ba.

Mu ba mu ƙi koyo ba. Abin da muke gudu shi ne a wulaƙanta mu a gaban jama'a, kana tsaye gaban na'ura layi ya taru a bayanka ana tsaki.

Injiniya_Tukur:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarka ta shige ni. Kuma ta fuskar aiki ma gaskiya ce: bayanan da mita take turowa lambobi ne kawai, sai wanda ya san unguwa zai ce wannan hauhawar yoyo ce, waccan kuma biki ake yi a gidan.

AbuYasir:
Baba, abin da ka faɗa na wulaƙanci ya tuna mini da wani likita mai ritaya a birnin Balensiya na Sifaniya, Carlos San Juan. A lokacin yana da shekara 78, yana fama da ciwon karkarwa, bankuna suka rufe rassa suka tura kowa ga na'ura da manhaja. Ya buɗe takardar koke yana cewa shi tsoho ne, ba wawa ba. Mutum fiye da 600,000 suka sa hannu, a Fabrairun 2022 ya kai ta ma'aikatar tattalin arziki, bankunan suka amince su tsawaita lokacin da ma'aikaci zai saurari tsofaffi ido da ido. Likita ne fa, ba ilimi ya rasa ba. Wani lokaci ba mutum ne yake buƙatar gyara ba, tsarin ne.

Bature_Ba:
To ni a nan nake da ja. Kullum ana cewa a koya wa mutane su dace da birni. Me ya sa ba za a gina manhajar da ba sai an koya ba? Rubutu ƙanana, kalmar sirri mai harafi da lamba da alama, saƙon tabbatarwa mai mutuwa cikin daƙiƙa sittin, kuma duk a harshen da mutum bai tashi da shi ba. Rabin ajin Malama Hauwa gyaran kuskuren masu ƙira take yi. A sa murya, a sa harshen uwa, a bar taga ɗaya da mutum a zaune ga wanda ya kasa.

Malama_Hauwa:
Na yarda da kai rabi, Malam. Ƙira mai kyau za ta rage mini wahala sosai. Amma ko an sauƙaƙa dannawa, akwai ilimin da ba na yatsa ba: gane saƙon damfara, sanin abin da ka amince da shi lokacin da ka danna "na yarda", sanin cewa abin da ƙirƙirarriyar basira (AI) ta gaya maka yana iya zama ƙarya ko da ta faɗe shi da ƙarfin gwiwa. Wannan sai an zauna an tattauna.

Mai_Laburare:
Tunda an zo wurin zama, bari in yi kirarin sana'ata. Duk birnin da yake son manyansa su ci gaba da koyo yana buƙatar ɗaki mai rufi wanda za ka shiga ba a tambaye ka ko sisi ba, kuma ba a tambaye ka me ya kawo ka ba. A Helsinki ta Finlan sun buɗe ɗakin karatu na Oodi a Disambar 2018, daura da ginin majalisar ƙasa. Littattafai kusan 100,000 ne, amma bene guda an ware shi ga kekunan ɗinki da firintar 3D da ɗakunan naɗar sauti da na taro. Mutum-mutumi ne suke jigilar littattafai, ma'aikata kuma suka samu sararin zama da jama'a. Kaka ta zo ɗinki, jikanta yana gefe yana haɗa wani abu a kwamfuta, kafin a tashi kowa ya leƙa aikin ɗan'uwansa.

Kada a ce sai mai arziki. Medellin ta Kolombiya, wadda a da aka san ta da kashe-kashe, ta kai motar igiya unguwannin talakawa na kan duwatsu a 2004, sannan a zamanin magajin gari Sergio Fajardo aka gina manyan ɗakunan karatu a cikin waɗannan unguwanni, ba a tsakiyar gari ba. Sufuri da karatu tare aka tsara su, domin aji ba shi da amfani ga wanda sai ya yi tafiyar awa biyu kafin ya isa.

Matashi_Faruk:
Finlan ɗin nan ai su ne suka yi kwas na intanet kyauta a kan ƙirƙirarriyar basira, Elements of AI, a 2018. Jami'ar Helsinki da kamfanin Reaktor. Burinsu kashi 1 cikin ɗari na 'yan ƙasa su yi shi, kuma suka cimma. Kun ga intanet ɗin ma yana aiki.

Hajiya_Binta:
Yana aiki, ɗana, a ƙasar da kusan kowa ya iya karatu kuma laburare yana kusa da gidansa. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce a 2023 mutum kusan biliyan 2.6 ba sa kan intanet sam, kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan Adam ke nan.

Ɗan_Lissafi:
Kuma raba na'ura kaɗai an gwada. Peru ta raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa a shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi makarantun karkara 319 ya fitar da rahoto a 2012: yara sun iya sarrafa kwamfutar, amma makinsu na lissafi da harshe bai motsa ba. Uruguwai ta fara nata shirin, Ceibal, a 2007, ta haɗa da intanet a makarantu da horar da malamai. A 2015 kuma ta fara ba 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi kwamfutar hannu mai manyan gumaka, ana haɗa ta da zaman bita. Baba Mai Ritaya, irin wannan ne ya dace da ku.

Dattijo_Mai_Ritaya:
Da zan samu da na je, ɗana. Jikata ce malamata yanzu, amma tana da sauri, kafin in ga inda ta taɓa ta wuce.

Zinariya:
Ni wani abu ne yake tsorata ni, ku gafarce ni idan na kauce. Idan birni ya san kwas ɗin da na fara na kasa gamawa, ya san awa nawa na yi ina karatu, ya san tambayar da na faɗi, wa zai hana wannan bayanin isa ga mai ɗaukar aiki? Mutum yana koyo ne idan yana da damar yin kuskure ba a rubuta ba.

AbuYasir:
Ba ki kauce ba 'yar'uwa. A Suwidin, a garin Skelleftea, wata makarantar sakandare ta gwada kyamarar gane fuska don ɗaukar sunan ɗalibai 22 na tsawon mako uku. A 2019 hukumar kare bayanai ta ci hukumar makarantar tarar kuɗin Suwidin kurona 200,000, ta ce amincewar da iyaye suka bayar ba ta wadatar ba, tunda ɗalibi ba shi da ƙarfin ce wa makaranta a'a. A Toronto ta Kanada kuma, kamfanin Sidewalk Labs, ɗan'uwan Google, ya samu aikin gina unguwar fasaha a bakin ruwa a 2017. Mazauna suka yi ta tambayar wa zai mallaki bayanan, har mai ba kamfanin shawara kan sirri, Ann Cavoukian, ta ajiye aiki a 2018. A Mayun 2020 kamfanin ya janye, ya ce saboda rashin tabbas na tattalin arziki. Abin lura shi ne mutanen Toronto sun san tambayar da za su yi. Wannan ma ilimi ne, kuma wanda ba shi da shi sai dai a yi masa yadda aka ga dama.

Bature_Ba:
Shi ya sa biranen da aka gina daga tushe ba sa burge ni. Songdo ta Koriya ta Kudu an cike teku aka gina ta, shara ma ta bututun ƙarƙashin ƙasa ake zuƙe ta. An gama na'ura kafin mutane su zo.

Mai_Laburare:
Amma Koriyar nan dai ita ce ta yi dokar ilimi na tsawon rayuwa a 1999, kuma a shekarar birnin Gwangmyeong ya ayyana kansa birnin koyo, na farko a ƙasar. UNESCO ta ɗauki wannan tunani, aka yi taron farko a Beijin a 2013, yanzu cibiyarta da ke Hambog ta Jamus tana kula da haɗakar birane fiye da 300. Ba yawan kyamara ake dubawa kafin a shiga ba, ana duba ko koyo yana faruwa a gida da wurin aiki da unguwa.

Injiniya_Tukur:
Na gode ƙwarai jama'a. Bari in dawo da mu kan tambayar, domin har yanzu ban ji an raba nauyin ba. Uwar Khalifa ta ce kamfani, Hajiya ta ce hukuma, Faruk ya ce mutum da kansa. Ni abin da nake gani daga inda nake tsaye: duk wanda ya ci ribar canjin ya biya kuɗin koyarwa. Idan mita ta rage wa kamfani albashin ma'aikata ɗari, a cire wani kaso a horar da su. A rubuta shi cikin kwangila yadda ba za a iya yankewa ba.

Ɗan_Lissafi:
An taɓa yin kusan haka, Injiniya. Estoniya ta fara shirin kai kwamfuta da intanet makarantu a 1996, sai aka ga manya an bar su. Bankuna da kamfanonin waya suka haɗa gidauniya a 2001, tsakanin 2002 da 2004 aka koya wa manya kusan 100,000 amfani da intanet kyauta, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ba sadaka suka yi ba, suna son abokan ciniki su koma intanet ne. Zuwa 2005 ƙasar ta fara zaɓe ta intanet.

Uwar_Khalifa:
To amma idan kamfani ne zai biya, abin da zai amfane shi kaɗai zai koyar. Ni ina so in koyi abin da zan iya tafiya da shi ko na bar wurin. Kuma ba komai ne na neman kuɗi ba, akwai tarihi da harsuna da nake sha'awa tun ina yarinya.

Matashi_Faruk:
Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa idan mutum bai so ba, ko an kawo masa aji ƙofar ɗaki ba zai shiga ba. Amma Malama, ajin naki yana karɓar masu taimako? Ina da yammacin Asabar, zan iya zama da irin su Baba makaniki, tunda hannunmu iri ɗaya ne.

Malama_Hauwa:
Muna karɓa, ƙanina, kuma muna buƙata. Sharaɗi ɗaya ne: wayar tana hannun ɗalibi, ba ka karɓa ka yi masa, ko da zai ɗauki minti goma yana neman harafi ɗaya. Uwar Khalifa, batun yara da kika kawo, mun gwada ware ɗaki ɗaya da mai kula da su a lokacin aji, mata suka ƙaru sosai, sai dai kuɗin biyan mai kulawar ne ba ya ɗorewa. Idan akwai wanda ya san yadda wasu biranen suke ɗaukar nauyin wannan ɓangaren, don Allah ya yi mana bayani.